Begilolin da Malam Ya Bari a Sito

Damina tara ke nan da rasuwar maigidana. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. Ni Malam nake ce masa, mutanen Faskari kuma Baba Kofur, domin ya yi soja cikin 'yan badujala. Da ya dawo gida, makarantar firamaren da nake koyarwa ta ɗauke shi ya koya wa yara busa begila saboda fareti. Gidanmu yana jikin filin makarantar, don haka duk busar da aka yi a shekarun nan, mai daɗi da marar daɗi, ta kunnena ta bi.

Marar daɗin ta fi yawa, kuma ba laifin yaran ba ne. Yaron ƙasarmu bai san wani mai busa ba sai mai algaita. Tun yana goye yake ganinsa a wurin biki, ya zura bakin algaita cikin nasa, kumatu sun kumbura kamar zai fashe. To ranar da aka miƙa wa yaro begila, abin da zai yi ke nan: ya cusa bakinta cikin nasa, ya cika kumatu da iska, ya hura iya ƙarfinsa. Abin da ke fitowa, akuyar da aka taka ma ta fi shi daɗin ji.

Malam ba ya raina masu algaita, yana ma da abokai cikinsu. Cewa yake kowace busa da bakinta. Ita begila a kan leɓe ake ɗora ta, a tsuke gefen baki, a bar tsakiyar leɓɓa su yi karkarwa, iska kuma daga ciki take tasowa. Saboda haka sabon yaro ba ya taɓa begila sai ya daɗe yana "brrr" da leɓɓansa kawai. Masu wucewa kasuwa sukan tsaya su yi dariya, su ce Baba Kofur ya buɗe makarantar jakuna. Ko a jikinsa. Yakan bi layi da yatsu biyu yana matse kumatun da ya kumbura. Wanda kuma ya danna ƙarfen da ƙarfi har ya bar masa zobe a leɓe, sai ya ce masa, "Kai, matarka ce za ta gudu? Sassauta mata." Ina ɗaki ina jin su, wani lokaci in yi tsaki, wani lokaci in yi dariya ni kaɗai. Na sha yi masa ƙorafin ciwon kai. Yau da zan samu wannan ciwon kan, da hannu biyu zan karɓa.

Bayan rasuwarsa abubuwa suka taɓarɓare. Rashin tsaro ya sa makarantar ta yi ta buɗewa tana rufewa. Ɗalibansa da suka iya busa sun watse, wasu Funtuwa, wasu Katsina, wasu ban san inda suke ba. In za a yi fareti sai a ɗauko lasifika a haɗa da waya. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yara suna maci da kiɗan da ba numfashin kowa a ciki. Na san shi, ba zai yi faɗa ba. Zai tsaya ne da hannu a baya har caji ya ƙare, sannan ya yi gyaran murya.

Bara hedimasta ya ce sito ya cika, zai kira 'yan gwangwan su kwashe tarkace, har da begilolin Malam, tunda ba mai busa su. Wani sabon malami, Malam Nura, mutumin Sabuwa, ya roƙi a ba shi zango ɗaya ya gwada da yara. Hedimasta ya yarda, amma ya ce in zangon ya ƙare ba su iya taken shiga aji ba, begilolin sikelin 'yan gwangwan za su hau. Ni na riga na yi ritaya, a bakin maƙwabciya na ji labarin. Ranar abinci bai shiga ba.

Da suka fara, daga tsakar gida na gane matsalar. Na daure kwanaki, na ce ba ruwana. Wata safiya dai na kasa, na zura hijabi na fita. Na tarar da su a gindin dalbejiya, kowane yaro kumatu kamar an cusa masa mangwaro, malaminsu kuma ya fi su duka.

"Malam Nura, wa ya koya maka busa?"

"Hajiya, kakana mai algaita ne. Sauran a waya na gani."

"Allah ya jiƙan kakanka, amma wagga ba algaita ba ce. Ku aje su duka."

"To mi za mu busa?"

"Leɓɓanku."

Ni da ban taɓa kai begila bakina ba, sai ga ni ina bin layi da yatsu biyu. Ban san na haddace ba. Duk gyaran da Malam ya yi shekara da shekaru ina jin sa ta katanga, ashe yana nan zaune a kaina. Malam Nura, Allah ya yi masa albarka, bai ji kunya ba, ya shiga layi tare da ɗalibansa yana "brrr". Masu wucewa kasuwa suka sake samun abin dariya.

Ƙarshen zango mai gwangwan ya zo da kurarsa. Hedimasta ya tsaya a baranda ya ce a busa. Ba zan yi ƙarya don ina son mamacin ba: yaro ɗaya ya rigayi sauran, wata yarinya kuma ta shaƙe a tsakiya. Amma taken ya fito, kowa ya gane shi, har wasu dattawa da ke wucewa suka ja birkin kekunansu. Hedimasta ya ce wa mai gwangwan ya ɗauki karyayyun kujeru kawai.

Malam bai bar gona mai yawa ba, bai bar suna a wani allo ba. Abin da ya bari shi ne yadda ake ɗora ƙarfe a kan leɓe ba tare da an zalunci leɓen ba, kuma yanzu yana bakin yaran da aka haifa bayan an binne shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Akwai wata taga a ɗakina da ke kallon filin makaranta. Tun ranar da aka fita da shi na rufe ta, don shirun filin ya fi ƙarfina. Da na zo buɗewa bana, sakatar ta yi tsatsa, sai da aka kira kafinta.