Matar da Ta Auna Hayaƙin Yayanta

A cibiyar bincike Dakta ake ce mata, a gida kuwa Auta. Shekara ashirin da biyu ta yi tana auna hayaƙi: na mota, na bola, na masana'anta, duk wata iska da ke tashi sama tana ƙara wa duniya zafi. Ofishinta ɗaki ne mai taga ɗaya a ƙarshen baranda, da fanka mai kuka da na'urori uku, biyu sun mutu. Abokan aiki kan tsokane ta, wai ko lafiya ka ce mata kana, sai ta tambaye ka kashi nawa cikin ɗari.

Yayanta ne ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu. Tanderun gasa jan bulo gare shi a bayan gari. Da shi ya ciyar da gida, da shi ta yi karatu. Da ma'aikatar muhalli ta ce cibiyar ta gano su wa suka fi fitar da hayaƙi, masu tanderu suka ce ba mai kusantar musu wuta. Yaya ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙanwata ce," yake ce musu. "In ta cuce ku, ni za ku kama."

Wata tara tana hawa tsani, tana cusa bututu a bakin tanderu, gashin girarta har ya babbake. Abin da ta gano bai da wuyar faɗi. Hayaƙin tanderu arba'in da shida na shekara guda bai kai wanda kamfanin siminti ɗaya ke fitarwa cikin wata biyu ba. Ta rubuta haka a babi na huɗu na rahotonta.

Darakta ya kira ta ofishinsa. "Aiki ya yi kyau, Dakta, sai dai tsawo. Manya ba sa karanta abin da ya wuce shafi talatin. Za mu cire babi na huɗu."

"Ranka ya daɗe, ai shi ne rahoton."

"Shi ya sa ya yi nauyi." Ya yi dariya shi kaɗai. "Nan gaba a fitar da shi daban."

Ta san ƙarya yake. Takardar ƙarin girmanta, wadda ta shekara shida tana jira, tana kan teburin, ya ɗora mata kofin shayi. Ta dubi takardar, ta sa hannu a rahoton.

Kafin shekara ta zagayo aka yi doka, aka haramta tanderu. Katafila ta fara da na Yaya, domin shi ne lamba ɗaya a jerin da ta rubuta. Bulo na ciki, ko gasuwa bai gama ba. Wani jami'i ya tsaya da lasifika yana karanta takarda, ya faɗi sunan mai binciken da na mahaifinta, har sau biyu. Da jami'ai suka tafi, masu tanderu suka kama Yaya kamar yadda ya ce. Suka karya masa hannun dama, suka zubar masa da haƙora uku.

Ta same shi a tsakar gida, hannu a ɗaure. Ta durƙusa.

"Yaya, ba haka na rubuta ba. Cire rabi aka yi."

"Sannu da zuwa, Dakta." Bai taɓa kiranta haka ba. "Sa hannun naki ne, ko shi ma cire rabi aka yi?"

Ta dubi ɗaurarren hannunsa.

"An ce kin ceci duniya. Madalla. Mu dai da ma ba a cikinta muke ba." Ya juya ga matarsa. "Ba baƙuwa ruwa, za ta tafi."

An yi mata ƙarin girman. Ta riƙa zuwa taruka a ƙasashe, ana tafa mata, ana nuna hotunan tanderun da aka rushe a matsayin nasara. Hannun Yaya bai ƙara ɗaukar ko bokiti ba. Duk abin da ta aika gidan, yadda ya je haka yake dawowa.

Bayan shekara huɗu ya rasu. A bakin wani direban cibiyar ta ji, kwana biyu da binnewa. Da ta isa, ɗaki cike da dangi, ba wanda ya matsa mata. Wata tsohuwa da ba ta gani sosai ta tambayi wace ce ta shigo.

"Wata ce daga gwamnati," in ji matar Yaya.

Ta zauna a bakin ƙofa, kusa da takalma, har aka gama addu'a.