Ƙafar Takalmina Tana Cikin Lakar Alzakira

Wautar da na fara yi ranar ita ce sanya farin takalmina na Sallah zuwa wajen laka. Umma ta faɗa, ta maimaita, har ta ajiye mini silifas a bakin ƙofa, na tsallake su kamar ban gani ba. A lissafina, in za a ɗauki hoto a bakin teku gara a ga ƙafata tana walƙiya, ko Allah zai sa Baba ya dube ni ya ce wani abu. Da ya ce "takalmin nan ya yi" kawai, da na yi shekara ina tutiya da shi.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma sunan mahaifin Baba aka sa mini. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san irin rayuwar da nake nufi. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Kai" yake ce mini. In ya ji daɗi, "kai yaro". In na yi laifi, "kai wannan". Umma kuma "yayansu" take cewa, kamar wani baƙo da ya zo kwana biyu ya ƙi tafiya. Ko a makaranta, ranar taron iyaye, da malamarmu ta tambaye shi sunan ɗansa, da haɓa ya nuno ni, ni na faɗa da bakina.

Ƙanena kuwa, auta, sunansa a bakin Baba kamar carbi. Da safe a kira shi, da rana a bugo waya daga wajen aiki a tambaye shi, da yamma a ɗora shi a cinya a ce ya ba da labarin makaranta, shi kuma ya yi ta zuba shirme ana dariya. In ni na faɗi irin wannan shirmen sai a ce na girma.

Da a Kano muke zaune da abin bai dame ni haka ba, don kowane ɗan fari haka yake sha. Amma a Madina Khalifa muke, cikin Doha, inda maƙwabcinmu ke fitowa ƙofar gida ya kira ƙaton ɗansa mai gemu da suna, ya haɗa da "habibi", su goga hanci kamar sun shekara ba su haɗu ba, alhali daga kanti ya dawo da burodi. Ni ina leƙe ta taga ina haɗiyar yawu.

Idan sanyi ya shigo, Baba ba ya iya zaman gida ranar hutu. Yana da aboki mutumin Funtuwa da muke kira Kawu, direba ne, yana da ƙatuwar mota mai shiga rairayi, kuma babu lungun bakin tekun ƙasar nan da bai sani ba. Shi ke kwashe mu. Mun je kudu, inda teku ya kutso tsakiyar tuddan yashi ya kwanta kamar ya ɓata hanya. Auta a gaba, a cinyar Baba, ni a can baya tare da kular abinci da tabarma, duk tudun da aka gangara sai kula ta rungume ni. Mun je Zikrit, inda iska ta sassaƙe fararen duwatsu suka koma kamar lemomi, muka hango mariri daga nesa da dogayen ƙahoninsu. Ni na fara ganin su, wallahi ni na fara, amma kafin in buɗe baki auta ya yi ihu, Baba ya ce yaron nan akwai ido.

A can Zikrit ɗin ne ma abin ya kai ni bango. Auta ya ruga bayan wani dutse, Baba ya ɗaga murya ya kira sunansa, duwatsu suka amsa, suka sake amsawa. Na tsaya na ji duwatsun Ƙatar suna haddace sunan ƙanena, ni ko bangon falonmu bai san nawa ba. Nan na ƙulla abin a raina: in mutum ya ɓace, dole a kira sunansa. Ba a neman ɓataccen yaro da "kai".

Sai ga tafiyar Alzakira, can arewa bayan Alkhor, inda itatuwa ke tsirowa a cikin ruwan gishiri. Larabawa na ce musu ƙurum. Gajeru ne, masu duhun ganye, sun cunkushe kamar 'yan kallo a bakin fili, saiwoyinsu sun fito daga laka tsaye cirko-cirko kamar an shuka fensira. A ƙasar da kore sai an biya kuɗin ruwa, ganin daji haka a bakin teku ya sa Umma ta yi ta tasbihi. Lokacin da muka isa ruwa ya janye, ƙasa ta fito fili tana sheƙi, ƙananan ƙaguwa suna ta kai-komo a karkace. Can nesa wasu tsuntsaye masu launin hoda, filamingo, sun tsaya da ƙafa ɗaya kamar an ba su horo a makaranta.

Kawu ya dubi ƙafata ya fashe da dariya.

"Mai sunan tsoho, ɗaurin aure za ka ko kallon ƙaguwa?"

"Kawu, ai takalmin ba ya kama datti."

"To, madalla. Yau za mu ga wanda ya fi taurin kai tsakaninsa da lakar nan." Ya juya ga Baba. "Alhaji, ka ce wa ɗanka ya cire, ya ɗauki nawa."

Baba ko kallon ƙafar bai yi ba. Ya ce, "Kai, riƙo tabarmar." Sannan ya ciccibi auta ya aza a wuya, wai don ya hango tsuntsayen da kyau. Yaron da nauyinsa ya kusa buhun shinkafa! Yana can sama yana kaɗa ƙafa yana yi mini gwalo, ni ina biye da tabarma a kafaɗa, fulas ɗin shayi a hannu, kamar ɗan dako.

Muka shimfiɗa a busasshen wuri. Umma ta buɗe dambun shinkafa, Kawu ya zuba karak, shayin madarar ƙasar nan, a ƙananan kofuna, ya ce kada kowa ya yi nisa don ruwan nan ba ya sallama in zai dawo. Na ji shi sarai. Amma a daidai lokacin Baba na cire wa auta ƙashin kaza yana ba shi tsokar a baki, sai kunnena ya toshe. Na ce zan je in wanke hannu. Babu wanda ya ɗago.

Na bi wata 'yar hanya tsakanin itatuwan, ina taka busassun wurare a hankali saboda takalmi. Da na daina jin muryarsu sosai, sai na kutsa bayan wani kurmin ƙurum na tsuguna. Ta tsakanin ganye ina hango farar rigar Baba. Na ce yau ko duwatsu babu, itatuwa za su ji.

Na daɗe a tsugune. Sauro suka gano ni kafin iyayena su gano ba na nan. Wata ƙaguwa ta fito daga raminta ta tsaya tana kallona da ido a tsaye, ta ɗaga hannu ɗaya kamar tana tambayar me ya kawo ni unguwarsu. Can sai na ji Umma ta ce, "Ina yayansu ya shiga ne?" Na ga Baba ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya sa hannu a goshi yana duba gabas da yamma. Ya buɗe baki.

"Auta, kira yayanka."

Wallahi saura kaɗan in faɗi cikin laka don baƙin ciki. Ashe akwai wakili. Yaron ya cika ƙirji da iska ya fara rangaɗa sunana, da wannan siririyar muryar tasa kamar ta ɗan akuya, har filamingo biyu suka sauya ƙafa. Kawu ma ya taya shi: "Mai sunan tsoho! Fito, dambu zai ƙare!" Na ce ko za ku kwana kuna kira ba zan fito ba, sai mai gayya ya kira da kansa.

Ina cikin wannan fushin na ji sanyi a idon sawuna. Na duba. Ruwa ne, siriri, ya zagaye ni ba ƙara ba motsi, kamar ɓarawo. Hanyar da na biyo ta fara nutsewa. Na yunƙura zan tashi, ƙafar dama ta ce ba ta san zancen ba. Duk zaman da na yi a tsugune ashe nutsewa nake a hankali. Na ja, ta ƙara shiga. Na dafa da ta hagu don in samu ƙarfi, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Kafin in ankara laka ta kai mini gwiwa, baƙa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa kuma yana hawa a kanta.

In gaskiya za a faɗa, ruwan bai fi ya kai mini cinya ba. Amma a lokacin ni na riga na ga teku ya kwashi gawata har Indiya. Na ga an yi zaman makoki a falonmu, an zo ana yi wa Baba gaisuwa, yana cewa "Allah ya jiƙan wannan yaron". Ko a makokin ma ba a faɗi sunan ba! Wannan tunanin ne ya ƙarasa ni. Na buɗe baki na kurma ihun da ban san ina da shi ba.

"Baba! Baba! Wayyo Baba!"

Ni da na zo a kira ni, ni na ƙare da kira.

Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba sai ranar. Mutumin da ko an tada iƙama tafiyarsa ɗaya ce, sai ga shi yana keta itatuwa, rassa na yagar masa riga, hula ta faɗi bai waiwaya ba, waya a aljihu ya faɗo ruwan da ita. Yana ta cewa, "Kana ina? Yi magana! Kana ina?" Da ya hango ni sai ya ɗaga hannu biyu.

"Babana, kar ka motsa. Tsaya nan, Babana, ga ni nan."

Na tsaya ɗin, don ko na so motsi babu hali. Amma kukan da nake yi ya yanke, na saki baki ina kallonsa. Ya iso ya zagaya bayana, ya sa hannuwa a hammatana, ya ce in kwanto a jikinsa in saki ƙafafuna. Ina jin bugun ƙirjinsa a bayana kamar ana daka. Ya ja, laka ta ja, ya sake ja da salati, sai ga ni na fito fit, muka zube tare cikin ruwa. Ƙafar hagu ta fito da takalminta. Ta dama ta fito da safa kawai.

Na ce, "Baba, takalmina."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya taɓa fuskata, ya taɓa gwiwoyina, ya tabbatar komai na nan. Sai fuskarsa ta koma yadda na san ta.

"Kai wannan, wuce mu tafi."

Ya cire silifas ɗinsa ya tura mini da ƙafa. Shi ya taka saiwoyin nan masu tsini da ɓawon katantanwa babu takalmi har bakin tabarma, ina gaba yana baya.

Kawu na ganinmu ya riƙe ciki. "Ango ya dawo! Alhaji, ina amaryar? Ko ita ce ta riƙe ƙafa ɗaya?" Umma ba ta yi dariya ba. Ta zuba mini ruwan gora a ka tana faɗa tana duba kunnena, wai ko laka ta shiga, ta ce dama ta faɗa, ta kuma faɗa, silifas har bakin ƙofa. Babu wanda ya tambaye ni abin da ya kai ni bayan itatuwa, ni ma ban yi karambanin bayani ba.

Auta ne ya matso kusa da ni, baki a tunzure. Ashe ya biyo Baba har bakin ruwa, ya ji komai.

"Me ya sa Baba ya ce maka Babana?"

Na gyara zama, laka na ɗiga daga haɓata, na ce, "Sirri ne na manya."

Ya ruga wajen Baba ya kama rigarsa da ta jiƙe. "Baba, ni ma ka ce mini Babana."

Baba na ƙoƙarin kunna wayarsa da ta sha ruwan gishiri. Bai ɗago ba ya ce, "Kai ba sunansa gare ka ba."

Yaron ya ɓare baki ya yi ta kuka har muka naɗe tabarma. Allah ya yafe mini, ban taɓa jin kiɗa mai daɗin wannan kukan ba. Na so a ce akwai duwatsu a wurin su maimaita.

Daɗin bai yi nisa ba. Don a rarrashe shi, aka tsaya a Alkhor aka saya masa askirim mai hawa biyu, ni aka ce mai laka ba ya shiga kanti. A gaba ya zauna, a cinyar Baba, yana lasa yana waiwayena. Ni Kawu ya shimfiɗa mini leda a can baya kusa da kula, ya ce kada in jingina.

Wayar Baba ba ta sake tashi ba. Ranar hutun da ta biyo baya, ni na wanke motar Kawu ciki da waje. Ƙafar takalmin ta hagu tana ƙarƙashin gadona, ta dama tana Alzakira. Baba bai sake ce mini Babana ba, kuma har yau bai faɗi sunana ba.