Ziblim da Kaskon Turaren Surukarsa

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin bayyane da ɓoye. Bayan haka:

Ziblim haifaffen unguwar Nima ne, mutum mai ƙarancin magana. A ƙarshen shekarun 1970 ya tafi Najeriya, ya sami aiki a wani filin haƙar mai. Aikinsa bin bututu da bokitin ruwan sabulu, domin iskar gas da ke fitowa tare da mai ba ta da launi, ba ta da wari. Yakan shafa kumfa a kowace mahaɗa ya zuba ido. Inda kumfar ta kumbura, nan iskar ke zurarewa, girman kumburin kuwa shi ke nuna yawan ɓarnar, sai ya sa alama a zo a ɗaure. Da aka kori baƙi a 1983 ya komo gida ya kama gyaran risho, daga baya ya haɗa da murhun gas.

A jajiberin sunan ɗansa na fari, ya dawo da hantsi ɗauke da goro. Matarsa Azara tana ɗaki da jaririn, mahaifiyarta Hajiya Sahadatu kuma ta zo daga unguwar Kotobabi taya ta jego. Tun da ya yi aure bai taɓa haɗa ido da surukar tasa ba, saƙo ma sai ta bakin Azara.

A bakin ƙofa wari ya buge shi, warin da ake sa wa gas na girki da gangan. Tukunyar gas ɗinsu a ɗakin take saboda ɓarayi. Ya san irin wannan gas ƙasa yake kwanciya, jaririn kuwa yana kan katifa a ƙasa. Yana juyowa ya ga Hajiya tafe da kasko cike da garwashi da turare, tana gaya wa matan gidan ɓera ne ya mutu a ɗakin, kuma baƙi ba za su tarar da wannan ɗoyi ba.

Ya durƙusa a gabanta, kansa a ƙasa.

"Mma, don Allah a dakata."

"Yau kuma suruki ne zai koya mini turara ɗaki? Ba ni hanya, ɗan nan."

Ta ɗaga labule. Ziblim ya miƙe, ya kama kaskon da hannu biyu, ya fizge daga hannunta, ya ruga ya kifa shi a kwata. Ya koma ya rufe tukunyar, ya fito da Azara da jaririn, tafukansa sun saɓule.

Da la'asar aka gano robar murhun ce ta tsage. Ba a taɓa jin Hajiya ta tayar da zancen ba har ta rasu. Washegari aka raɗa wa yaron suna Mas'udu. Ziblim bai iya miƙa wa kowa hannu ba, Hajiya ce ta raba goron.