Léontine da Bangon Arewa na Tsohon Coci

Léontine Garrigou ta shekara arba'in tana riƙe da makullin tsohon cocin garinmu, amma ba ta taɓa ganin an yi ibada a ciki ba. Tun zamanin juyin juya halin ƙasarmu aka sayar da ginin. Kakanta ya san shi rumbun ciyawa, shi ne ma ya faɗaɗa ƙofar don amalanke ya shiga. Tana yarinya aka mai da shi gidan silima, aka toshe dogayen tagogin da bulo. Da ta yi aure, motar kashe gobara ce ke kwana ƙarƙashin rufin nan mai kama da haƙarƙarin bijimi. Mijinta Aimé ne direba, ita kuma mai shara.

Wajen sharar ta lura da wani abu. Ta auna bangon arewa da ƙafa, ciki da waje. Ko an cire kaurin dutse, taku uku sun yi ɓatan dabo.

"Aimé, akwai ɗaki a cikin bangon nan."

"Akwai dai a cikin kanki. Miyar albasar fa, ko ita ma ta ɓace?"

Magajin gari biyar ta kai wa maganar, kowa ya ce a bari sai baɗi. Har Aimé ya rasu ba a taɓa bangon ba.

Tana da shekara saba'in da takwas aka ce za a mai da wurin ɗakin karatu. Ta tsare Firmin magini a ƙofa, ta ce ba makulli sai ya ɗauko guduma.

"Madam, in muka tarar da limamin coci a zaune, ke za ki yi masa bayani."

"Kai dai fasa, sarkin tsoro!"

Matakala suka samu, siririya, mai murɗewa, ta hasumiyar ƙararrawar da aka rushe tun tuni. Ƙafafun mutane sun cinye tsakiyar kowane dutse. Masu kaɗa ƙararrawa sun karce sunayensu a bango, Léontine ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya tana hawa, tana haki.

A can sama matakalar ta ƙare da rufi. Firmin ya ɗaga fale-falen rufin guda biyu, ta leƙa.

"Me kika gani, Madam?"

"Kogi. Da gidana. Ashe rufina ya tsage ta gefen bututun hayaƙi. Gobe ka zo da tsani."