Gaisuwar Surukai a Kan Amalanke

Ko da zan manta da komai na farkon aikina, ba zan manta da ranar da muka je gaida surukaina a Masanawa ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin ni sabon ɗauka ne, ina watannin gwaji a wani kamfani na Legas, amma daga ɗakina a Gwarzo nake aiki. Mu ne masu kula da manyan kwamfutocin da manhajar kamfanin take gudana a kansu. Tsaron kuwa karɓa-karɓa ne. In makonka ne, duk inda kake wayarka za ta ɗau kururuwa da zarar abu ya tsaya, kuma dole ka tashe shi nan take. Ogana ya riga ya ja min kunne cewa sabon da ya yi sake da makonsa na farko sai dai ya nemi wani aikin. To, makon nawa ne ya faɗo daidai da ranar da Kawu, mai nema min auren, ya tsayar don gaisuwar. Na kasa buɗe baki in nemi musanya, na kuma kasa gaya wa Kawu. Na dai rataya jakar kwamfuta a ƙarƙashin babbar riga muka kama hanya.

Muna zaure na durƙusa, kaina a ƙasa, mahaifin yarinyar da zan aura da ƙannensa suna kan tabarma. An yi ina gajiya, an yi yaya damina, ana cikin yaya mutanen Gwarzo sai wayar ta saki jiniya. Innalillahi! Kawu ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Kashe abin nan, don ubanka," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ban kashe ba. Na miƙe a gaban dattawa, ko "a gafarce ni" ban iya cewa ba, na fice ba takalmi. Sabis kuwa babu shi sai da na haye wani amalanken shanu a ƙofar gida. Nan na zauna, babbar riga a naɗe har wuya, gumi yana ɗiga kan kwamfuta, matan gidan suna leƙowa ta saman danga. Wata na ji tana cewa, "Wannan ne mijin? Anya lafiyarsa ƙalau?"

Manhajar dai ta tashi. Na koma zaure, na tabbata auren kuwa ya watse. Kawu ko kallona bai yi ba. Na shiga kame-kamen bayani, cewa akwai abin da aka ba ni tsaro, in ya faɗi mutane da yawa za su tsaya cak. Mahaifin yarinyar, wanda a kiwo ya tashi, ya bari sai da na gama.

"Ashe ranar kiwonka ce," ya ce. "Mu ma ba ma barin shanu su shiga gonar wani don muna gaisawa. Amma yaro, da ka faɗa, ai da mun sa wata rana. Ka ɗauka ba za mu gane ba ne?"

Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi, domin abin da na ɗauka ke nan.

An yi auren, aikin ma ya tabbata. Tun ranar na koyi faɗa wa mutanena abin da nake yi da Hausa, dalla-dalla, tun kafin waya ta yi ƙara. Surukina kuwa har gobe in na kai masa gaisuwa, kafin in durƙusa sai ya tambaya, "Yau dai ba kai ne da kiwo ba ko?"