Binnen da Inna ta yi a bayan ganuwa

Shekarun baya, a bazarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, gidanmu na Ƙofar Sauri sunan gidan birni kawai yake amsawa. Ciki ƙauye ne sak: rumbu a tsakar gida, awaki a turke, kaji suna bin ƙafar mutum, mahaifiyata da muke kira Inna kullum tana bakin turmi. Ni kuwa na gama sakandare, ba aiki ba karatu, babbar sana'ata kiwon tantabaru. Sai in wuni ina kallon sama ina fito, a raina ni ma makiyayi ne.

Gona ɗaya gare mu a bayan ganuwa, da geronta muke ci daga kaka zuwa kaka. Ta kakanmu ce, ba a taɓa raba ta ba, amma mahaifina ne ya noma ta har ya rasu.

Wata rana da hantsi baffana, ƙanin mahaifina, ya yi sallama. Ya shiga siyasa sabo-sabo, babbar rigarsa ta sha bugu. Aka gaisa, aka tambayi zafi, aka tambayi iyali har da awaki, sannan ya sauke abin da ya kawo shi. Wani babba a jam'iyyarsu yana son gonar, za a yanka filaye, masu awo suna nan tafe su kafa duwatsu.

"Yaya, gari ya ci gaba," in ji shi. "Wa ke noma bakin birni yanzu? Gona ce kwance, ba komi cikinta."

Inna ba ta ajiye rariyar tankaɗenta ba. "Mi ka ce? Ba komi cikinta?"

"Ba komi."

"To, ka gaida gida."

Washegari da asuba ta miƙa mini sungumi, ta ɗauki ƙwaryar iri. Binne za mu yi, wato a shuka cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. In aka yi ruwan kirki ka riga kowa. In yayyafi ne, iri ya tsiro rana ta ƙone shi. Irin da ke ƙwaryar nan kuwa shi ke nan mana, babu wani a rumbu.

Na ce, "Inna, ko alamar hadari babu fa."

Ta ce, "Kai dai sara, mu tahi."

Ina sara, tana bina tana jefa iri tana rufewa da diddige. Ƙasa ta ɗau zafi, hannuna da bai san komai ba sai watsa wa tsuntsu tsaba ya yi kanta. Masu wucewa suna yi mana sannu, irin sannun da ake yi wa mara lafiya. Daga nan ta kafa dokar kada tantabaruna su ƙara tashi. Na rantse mata ba sa tono, ta ce ba ta tambaye ni ba. Na kai su ajiya wajen abokina a wata unguwa, kafin in iso gida sun riga ni. Dole na kulle su, ni da su muka yi ta kumburi.

Masu awo suka zo, ruwa bai zo ba. Baffa ya iso da leburori da duwatsun siminti, suka tarar da Inna zaune a gindin gawo, ni a bayanta.

Ta ce, "An shuka."

Baffa ya yi dariya ya nuna rairayi. "Ina shukar, Yaya?"

Ta tashi, ta sa yatsa ta tona rami ɗaya, ta ɗebo ƙwayoyin gero ta shimfiɗa tafinta a gaban leburorin. Ba da baffa ta yi magana ba, da su ta yi. "Ku 'ya'yan manoma ne. Wanda ubanshi ya koya mashi tone abincin marayu, bismillah."

Babbansu ya dubi hannunta, ya ajiye diga. "Alhaji, ka yi haƙuri. Mu ba mu taka shuka. A bari a girbe."

Baffa ya yi faɗa har hularsa ta karkace, ƙarshe ya ce to, bayan kaka. Ruwa ya ja mana rai sosai kafin ya sauka, amma da ya zo mai nauyi ne, gero ya fito layi-layi.

Baffa yana jiran kaka, bai san da wa yake yi ba. Kafin a yanke gero ta sa wake a tsakani. Kafin a rore wake ta dasa rogo, shi kuwa yana shekara a ƙasa. Gonar ba ta ƙara kwana ba komai a cikinta ba. Damin farko ma gidan baffa ta aika da shi, wai ya ɗanɗana abin da babu. Babban nan na jam'iyyarsu ya gaji ya nemi wani wajen.

Yau gidaje sun zagaye gonar ta ko'ina, Inna ta daɗe da rasuwa, tantabaru na bar wa yara. Har yanzu ban daina jin haushin kalmar nan ba, wai ba komai a cikinta. Duk bazara nakan ɗauki sungumi tun sama tana fayau. Dillalai kan tsaya a bakin hanya su kira ni, su ce Malam, wannan fili fa? Ba na ko ɗagowa, sai in ce musu an shuka.