Ranar da Adda Ta Ce a Duba Takardar Ludo

Ni 'yar fari ce a gidan Fulani, kuma mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son in yi shara, sai ta dubi bango ta ce, "Waccan ba ta ga tsakar gidan nan ba ne?" Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba. Adda nake ce mata, kamar yadda na ji ƙannenta suna faɗi. Ana yaye ni aka kai ni Ƙaraye wurin kakata, a can na yi firamare, gidanmu na Rogo kuwa sai da hutu nake ganinsa. Kowa ya ce mini kunyar ɗan fari ce, haka aka gada. Na ji, na kuma yarda da baki. Amma in na ga ta zaunar da ƙanwata tsakanin ƙafafunta tana yi mata kitso tana yi mata hira, sai in kau da kai. Ina so in sani ko kunyar ce kawai, ko kuwa da gaske ba ta damu da ni ba.

A shekarun tamanin ne, hutun da na gama aji shida ina jiran tafiya makarantar kwana. Baffa, wato mahaifina, yana aiki a ofishin hakimi. Aka aike shi Kano, ya dawo da ludo a cikin kwali. Allo ne mai gida huɗu, ja da kore da shuɗi da rawaya, da 'ya'ya hurhuɗu, da ƙwaya guda mai ɗigo-ɗigo da ake kaɗawa a ɗan ƙoƙo. A ƙasan kwalin akwai wata 'yar takarda mai ɗauke da dokokin wasan. Baffa ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini ya ce, "Ke da kika gama firamare, ga aikinki."

Wanda ya rubuta takardar nan, Allah ya yafe masa. Da Turanci take, amma ba irin wanda aka koya mana ba. Ya ce sai ka jefa shida za ka fito da ɗa, bai ce ko za ka sake jefawa ba. Ya yi dogon bayani a kan launin gidaje, wanda duk mai ido yana gani, amma da ya zo kan 'ya'ya biyu da suka haɗu a gurbi ɗaya, sai ya yi layi ɗaya ya wuce. Layin ƙarshe ma injin ɗab'i ya yanke shi, kawunan haruffa kawai suka rage.

Mu huɗu muke yi bayan la'asar a gindin dalbejiyar tsakar gida: ni, da ƙanwata, da Adda, da Goggo, ƙanwar Baffa, wadda ke aure a unguwar Sabon Gari tana zuwa kusan kullum. Goggo ba ta iya wasa shiru ba. Ta taɓa ganin ana ludo a wani gida, saboda haka ta naɗa kanta alƙali. Ni kuma ga takarda a hannuna. Kowace rana sai mun yi musu. Ita ta ce haka ake yi a Rogo, ni in ce a Ƙaraye ba haka ba ne, alhali ban taɓa ganin ludo a Ƙaraye ba. In abin ya ƙi ƙarewa, sai in buɗe takardar in bi layi da yatsa, in haɗa fuska kamar malamin makaranta, in faɗi abin da ya fi yi mini daɗi. Na yi ƙarya da takardar nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Goggo takan harare ni ta ce, "Wannan takarda taki kullum bayanki take bi. Ko ke kika rubuta ta?"

Adda ba ta shiga musunmu. Ta ce ita ba ruwanta da takarda, a gaya mata inda za ta bi kawai. Amma ta iya wasan fiye da mu duka, kuma ni ce abincinta. In ta sami damar cin ɗan Goggo ko nawa, nawa take ci, ta ɗauke shi da yatsu biyu ta mayar gida ba tare da ta dube ni ba. Goggo ta yi ta dariya tana cewa, "Haka ake so, matar yaya. Kar a ce kin lalace." Ni ma sai in yi dariyar, in an tashi kuma in zagaya bayan rumbu in share hawaye. Na san in ta raga mini a gaban mutane za a yi mata dariya. Sanin hakan bai hana ni jin zafi ba.

Duk hutun nan ban ci wasa ko sau ɗaya ba, duk da ƙaryata.

Ranar ƙarshe, gobe za a mayar da ni Ƙaraye in wuce makaranta, muka zauna kamar kullum. Sa'a ta zo mini. 'Ya'yana uku sun shige, saura ɗaya, kuma gurbi biyu ya rage masa ya karya kwana ya shiga layin gidana inda ba mai taɓa shi. Ɗan Adda yana bayansa da gurbi huɗu. Tana da wani ɗan can nesa, bai daɗe da fitowa ba. Ta kaɗa ƙoƙo ta kife. Da ta ɗaga, huɗu ce.

Goggo ta tafa hannu. "Shi ke nan, 'yar boko ta koma gida. Ci, matar yaya."

Na sunkuyar da kai ina jiran yatsun nan biyu. Ba su zo ba. Adda ta tsura wa allon ido, har ƙanwata ta taɓa gwiwarta. Can sai ta ce, tana duban Goggo, "Goggonsu, wai cin nan dole ne?"

"Dole ne mana. Tun yaushe muke yi?"

"Ni ban sani ba. Ce wa waccan ta duba takardar."

Matar da ta yi wata guda tana cewa ba ruwanta da takarda. Na ɗauko takardar. Na san abin da ke ciki tun kafin in buɗe, don na haddace ta. Da na ga dama da na ce an rubuta ba dole ba ne, ba wanda zai kama ni. Amma a ranar na kasa. In na yi ƙarya, ni na ceci kaina, kuma ba zan taɓa sanin abin da ita za ta yi ba. Na bi layukan da yatsa har ƙasa, na ce, "Goggo, ba a ce komai ba. Ba a ce dole ba, ba a ce ba dole ba."

"To," in ji Adda. Ta miƙa hannu ta tsallake ɗana, ta ɗauki ɗanta na nesa ta ƙirga masa huɗu.

Goggo ta riƙe haɓa. "La ilaha illallahu. Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Bafulatana tana tausayin 'yar fari da rana tsaka. Bari yaya ya dawo, sai na kai labarin nan har Beli wurin danginki."

Adda ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. "Ni takarda na bi," ta ce.

"Wace takarda? Ba yanzu aka ce ba ta ce komai ba?"

"To ai shi na bi."

Ban ci wasan ba. Da jifa ya zo kaina na sami ɗaya, kuma Goggo, wadda ke da ɗa a bayanmu, ta jefa daidai ta cinye ni tana guɗa ƙasa-ƙasa. Na mayar da ɗana gida da hannuna, ina ta murmushi kamar wawiya, har ƙanwata ta tambaye ni ko lafiya.

Adda ta jawo ƙoƙon gabanta. Ta gyara zama, ta naɗe hannun rigarta. Daga nan ta bar maganar kai 'ya'yanta gida gaba ɗaya, ta bi Goggo. Duk inda ɗan Goggo ya sa ƙafa, nata yana bayansa. Ta ci ɗaya, ya fito ta sake ci, ta ci na biyu, har Goggo ta fara cewa, "Haba matar yaya, me na yi miki?" Adda ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Ni dai ina zaune a gefenta, gwiwata tana taɓa tata, kuma har aka kira magariba ba ta janye ba.